Jadawalin Kawu Gwadabe

A Badafi Gwadabe uku ne, saboda haka in baƙo ya tambayi gidan Gwadabe sai a ce masa wanne. In ya ce na talabijin, za a nuna masa zauren da ke kallon ɗorawar bakin hanya. Shekara talatin da ɗaya mutumin ya yi yana aiki a wani gidan talabijin a Kano, kuma fuskarsa ba ta taɓa fitowa a akwatin ba ko sau ɗaya. Aikinsa shi ne rubuta wanda zai fito, da ranar da zai fito, da wanda zai zauna kusa da shi.

Ƙanin mahaifiyata ne. Da na dawo daga karatu bayan shekara bakwai a waje, sai da damina ta yi nisa na samu zuwa gaishe shi. Na tarar da shi a zaure ya kifa tsohuwar kalanda a kan tabarma, ya ja layuka a bayanta da fensir, ga kuma 'yan guntayen kwalin sukari a tafin hannunsa, kowanne da suna a jiki. Bayan mun gaisa, ya tambayi hanya da mutanen gida, na ce, "Kawu, ba an ce ka yi ritaya ba?"

"Na yi," in ji shi. "Su ne ba su yi ba."

Babbar gasar wasanni ta ƙasa ce ta ƙarato, ta kwana goma sha biyu. Akwai kokawa da dambe da langa, akwai guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya, ɗaga nauyi, tseren keke, da ƙwallo iri-iri. Tashar za ta nuna su tun daga safe har yamma, masu gabatarwa kuwa tara ne kacal. Fahad, matashin da ke riƙe da sashen wasanni, ya tsara nasa jadawalin a kwamfuta, kafin kwana biyu mutum huɗu sun kawo ƙorafi. Shi ne ya bugo wa Kawu waya. Kawu ya ce ba zai baro masararsa ana tsakar sa taki ba, amma a turo masa sunaye da lokutan wasanni. In ya gama zai ɗauki hoton kalandar ya tura.

Na yi niyyar kwana biyu, na ƙare da mako uku. A cikinsu ne na ji yadda ya faɗa wannan aiki, rabi daga bakinsa, rabi daga bakin matarsa, Inna Asabe, wadda ta fi shi saurin labari.

Mahaifinsu, wato kakana, shi ke jera mutane in an yi gayya. Ranar da majiya ƙarfin gari suka taru a gonar wani da fartanyu, shi ke cewa wane ka kama wannan kunya, wane ka kama waccan. Ba ya haɗa gwanaye biyu kafaɗa da kafaɗa, don za su shiga gasa su bar ciyawa a baya. Ba ya kuma ajiye sabon shiga kusa da mai zafin nama, don kafin hantsi yaron zai ga an yi masa nisa, ya karaya, ya fara neman inuwa. Sabon shiga kusa da dattijo mai noma a hankali ake sa shi. Gwadabe ya taso yana ganin wannan, bai ɗauke shi a bakin komai ba. Shi burinsa karanta labarai. Ya yi firamare a Kiru, ya yi makarantar horon malamai, ya riƙa tsayawa bayan gida yana karanta wa kaji tsohuwar jarida.

Matsalar ita ce yana da in'ina. Ba mai yawa ba ce, a hira ma sai ka lura, amma da zarar an zuba masa ido sai harshe ya ƙi. Ranar gwaji a tashar an kunna fitilu, aka ba shi takarda, ya maƙale a kalmar farko har mai ɗaukar hoto ya sunkuyar da kai. Wani babba a wurin ya tausaya masa ya ce akwai gurbin masinja. Ya karɓa. Shekara uku yana kai takardu ofis-ofis, yana kawo wa masu gabatarwa shayi, yana jin abin da kowa ke faɗa game da kowa. Wata rana mai rubuta jadawali ya tafi aikin Hajji, aka bar takardar mako a kan tebur, biyu daga cikin waɗanda aka haɗa kuwa ba sa ga maciji da juna. Gwadabe ya ɗauki fensir ya sauya sunaye huɗu. Makon ya wuce ba a ji hayaniya ba. Da alhajin ya dawo, sai aka mai da shi wani sashe, aka bar wa masinja tebur.

Na zauna ina kallon yadda yake aiki. Sai ya ɗora kwali a gurbi, ya duba, ya ɗage. Na tambaye shi me yake lissafawa.

"Wannan yana azumin Litinin da Alhamis," ya ce, ya nuna wani suna. "Bayan azahar maƙogwaronsa ya bushe, ba a ba shi dambe, dambe ihu yake so. Wannan matarsa ta kusa haihuwa, ba na sa shi sai inda akwai wanda zai maye shi. Wannan daga bayan gari yake zuwa, in ka rubuta masa bakwai na safe ka rubuta takwas. Wannan kuwa ta iya sunayen 'yan kudu, ba ta karya su, ita ce ta ninƙaya."

"Duk a ka suke?"

"To a ina za su zauna?"

Duk wasan da zai ratsa la'asar yakan ajiye mutum na uku a gefe, don a fita salla ɗaya bayan ɗaya ba a bar kujera wayam ba. Fahad bai yi wannan ba, kuma rabin ƙorafin daga nan ya taso.

A cikin sunaye taran akwai biyu da ya rubuta da jan biro: Hamdiyya da Imran. Su ne 'yan gwaji. Wata shida suka yi a tashar, kuma an faɗa musu ƙarara cewa bayan gasar mutum ɗaya za a ɗauka. Shi Imran, Fahad ya riga ya sa shi a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa tare da Mujitaba, fitaccen mai gabatarwar tashar, ya kuma ce kada a taɓa wannan gurbi. Kawu bai taɓa ba. Ita Hamdiyya kuwa, ya rarraba mata ƙananan wasanni, sannan ya ba ta babban aiki guda: gudun yada-ƙanin-wani, dogon tseren nan na kilomita arba'in da biyu, ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, tare da Malam Tasi'u, wanda saura shekara guda ya ajiye aiki.

Kwana biyu da tura hoton kalandar sai ga Hamdiyya a Badafi. Ta je gida Doguwa gaida iyayenta, a hanyar komawa Kano ta sauka ta hau babur ta shigo. Yarinya ce doguwa siririya, 'yar makiyaya, Hausarta tas amma da ɗan karin Fulatanci a ƙarshen magana. Ta kawo wa Inna Asabe man shanu a kwano. Ta durƙusa ta gaida Kawu yadda ya kamata, ta tambayi gona, ta tambayi ruwa, ta tambayi ƙafarsa da aka ce tana ciwo. Sai da ta cika gaisuwa sannan ta ce,

"Baba, laifin me na yi muku?"

"Subhanallahi. Wa ya ce kin yi laifi?"

"Bakwai na safe, Baba. Ranar Asabar. Mutanen birni suna barci, na ƙauye suna gona. Wa zai gan ni? Kuma awa biyu da rabi mutane suna gudu kawai, ba ƙwallo, ba raga, ba wanda ya naushi wani. Me zan ce?"

"Ba ke kaɗai ba ce, akwai Tasi'u."

"Malam Tasi'u kafin ya gama jimla ɗaya an yi kilomita."

Inna Asabe da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya. Kawu ma ya murmusa.

"Me kike so?" ya tambaye ta.

"Ko minti goma ne, a sa ni kusa da Mujitaba. Ko a tseren mita ɗari ne. Inda jama'a suke kallo."

"Kin taɓa zama da shi?"

"Sau ɗaya."

"Kalma nawa kika faɗa?"

Can ta ce, "Na yi sallama. Na kuma yi sallama da za mu rufe."

"To."

"Amma an gan ni, Baba."

Kawu ya juya wani kwali a hannunsa. Ya tambaye ta shekararta nawa ta fara bin shanu, ta ce tara. Ya tambaye ta tafiya mafi nisa da ta taɓa yi da su, ta ce shekarar da ruwa ya yi jinkiri sun yi kwana huɗu suna gangarawa kudu. Ya ce madalla, ya kira Inna Asabe ta kawo mata fura. Bai sauya komai ba. Ta sha furar, ta yi godiya, ta tafi ranta a ɓace. Na raka ta bakin hanya. Kafin ta hau babur ta ce min, "Mahaifina ya sayar da bijimi biyu na yi karatun nan. In na koma Doguwa da akwatina, babu wanda zai yi min gori. Shirun nasu ne ba zan iya jurewa ba."

Da na dawo na gaya wa Kawu abin da ta ce.

"Mujitaba mutumin kirki ne," ya ce. "Amma bai san akwai wani a kujerar gefe ba. In ka ja numfashi za ka yi magana, ya riga ya shige. Tasi'u kuwa tambaya yake yi ya koma ya jingina. Shekara ashirin ina ajiye sababbi kusa da shi."

"Amma maganarta ta masu kallo gaskiya ce, Kawu."

"Gaskiya ce. Sai dai ba masu kallo ne za su sa hannu a takardarta ba. Ranar wasan ƙarshe manyan tasha duk suna filin wasa, a kujerun baƙi, da babbar riga. Wa zai ga talabijin a cikinsu? Asabar da safe kuwa shugaba yana ɗakinsa yana karin kumallo, akwatin a kunne." Ya ɗan dakata. "Tsohon shugaba ke nan. Wannan sabon ban san safiyarsa ba. In mai barcin Asabar ne, to n-na cuce ta."

Shi ne karo na farko da na ji harshensa ya sarƙe tun zuwana.

Da yamma Malam Tasi'u ya bugo. Mutumin Bebeji ne, sa'an Kawu, tare suka tsufa a tashar. Kawu ya buɗe muryar wayar don yana ɓare gyaɗa.

"Kai Gwadabe, tsufa ya kai ka haɗa ni da jikata?"

"Ai don ka samu mai tashinka in ka yi gyangyaɗi."

"Ni da gyangyaɗi? Wa aka tsinta yana minshari a bayan labulen ɗakin labarai?"

"Hutun rabin awa ne, yana cikin jadawali."

"Jadawalin da kai ka rubuta! To me zan tambaye ta? Yarinyar ko gaisuwa a taƙaice take min."

"Tambaye ta shanu."

"Shanu? A gudu?"

"Kai dai tambaye ta."

Aka fara gasa. Kawu yakan tafi gona da sassafe, ya dawo da hantsi ya kunna akwatinsa mai aiki da hasken rana, ya zauna da kalandar a cinya. Na lura wasan bai dame shi ba. In an nuno 'yan kokawa sai ya koma kan gyaɗarsa, in an dawo ɗakin gabatarwa ya ɗago. Sau biyu aka bugo masa: ranar da matar wancan ta haihu, da ranar da aka ɗage tseren keke saboda ruwa. Duk biyun kafin Fahad ya gama bayani ya riga ya faɗi sunan wanda zai shiga. Hamdiyya ta yi ƙwallon tebur da ɗaga nauyi. Ba ta yi kuskure ba, ba kuma ta faɗi abin da mutum zai tuna ba.

Ranar Asabar an wayi gari ƙasa ta sha ruwa, gona ba ta shiguwa, saboda haka maƙwabta shida suka taru a zauren. Inna Asabe ta ajiye kujerarta a bakin ƙofa. Ƙarfe bakwai aka nuno su biyun, Malam Tasi'u da hularsa a karkace, Hamdiyya da takardu a gabanta ta riƙe su kamar za a ƙwace. Aka saki 'yan gudu. Fiye da awa guda tana karanto sunaye da jihohi da lokutan da aka taɓa yi, muryarta a ɗaure. Wani maƙwabci ya yi hamma ya ce shi da dambe aka sa.

Wajen kilomita na ashirin da takwas hoton ya tsaya cak, sannan ya ɗauke. Ruwa ne ya sauko a garin da ake gasar, ya katse na'urar ɗaukar hoto da ke kan babur mai bin 'yan gudu. Aka dawo da su biyun, ba abin nunawa sai su. Hamdiyya ta duba takardunta, ta riga ta karance su. Malam Tasi'u ya ba masu kallo haƙuri, ya kurɓi ruwa, ya juyo a hankali.

"'Yata, an ce min kin yi kiwo."

Ta kalle shi. "Na yi, Malam."

"To in an yi doguwar tafiya da garke, yaya ake gane wadda za ta gaza?"

Ya koma ya jingina. Shirun ya yi tsawo har Inna Asabe ta ce, "Yi magana mana, 'yar nan." Sai Hamdiyya ta ajiye takardun.

Ta ce ba a gane ta da safe, don da safe kowace saniya jaruma ce. Sai rana ta take. Wadda za ta gaza takan fara jan ƙafar baya, kofatonta ya riƙa zana layi a ƙasa, mai bin garke a ƙasa yake karanta gajiya kafin ya gan ta a jiki. Ta ce akwai kuma mai rigimar gaba, wadda in an zo mashaya ba ta tsayawa ta sha sosai don kada a wuce ta, irinta ce ake ɗauka a mota. Malam Tasi'u ya ce, "Ikon Allah. To a cikin mutanen namu fa?" Ta ce kafin hoto ya ɗauke ta ga na gaban, mai rawayar riga, ya wuce teburin ruwa sau biyu bai miƙa hannu ba, haɓarsa ta fara ɗagawa sama, kafaɗunsa sun hau kusa da kunne. Ita dai ba ta ba shi kilomita biyar ba. Wanda take kallo shi ne na huɗu, mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, don ƙafarsa ba ta dukan ƙasa, ajiye ta yake yi.

Minti goma sha tara suka yi a haka. Ta ba da labarin kwana huɗun nan na gangarawa kudu, da yadda mahaifinta ke hana su zama in an tsaya hutu don kada ƙafa ta sandare. Duk sa'ad da ta tsagaita, Malam Tasi'u ya jefa 'yar gajeruwar tambaya ya yi shiru. A zauren ma musu ya kaure, mai son dambe yana cewa shi ma ya taɓa ganin haka da jakinsa.

Da hoto ya dawo, mai rawayar riga yana zaune a gefen titi ana zuba masa ruwa a ka. Zauren ya ɗauki salati da shewa. Mai lambar da ta zaɓa yana na biyu, kuma a na biyun ya ƙare, wani da ba ta ko ambata ba ya riga shi.

"Saniyarki ta zo ta biyu," in ji Malam Tasi'u.

"Ai ta iso gida da ƙafarta, Malam."

Kawu ya kashe akwatin ya ce bari ya duba ko ruwa ya kwanta a masara. Ranar wasan ƙarshe mun kalla tare. Mujitaba ya yi aikinsa da kyau, gari duk ya ji daɗi. Imran yana gefensa cikin sabuwar shadda, yana murmushi, yana gyaɗa kai. Na ƙirga sau uku ya buɗe baki zai yi magana.

Na koma Kano, ban sake zuwa ba sai lokacin karyar masara. Muna gona da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Ya goge hannu a riga ya ɗauka. Daga inda nake ina jin muryar Hamdiyya.

"Baba, an ba ni takardar ɗaukar aiki! Yau da safe. Shugaba ya ce matarsa ce ta kira shi daga banɗaki ya zo ya ji mai shanu."

"Alhamdulillahi. Allah ya sa albarka, 'yata. Kin gaya wa mutanen Doguwa?"

"Ku na fara kira. Baba, ku yafe min abin da na zo na yi muku."

"Man shanu kika kawo, mun cinye. Je ki kira mahaifinki."

Ya kashe, ya tsaya da wayar a hannu. Na ce masa barka, ya amsa sama-sama.

"Yaron nan fa, Imran," ya ce. "Na ga inda aka ajiye shi, na san abin da zai faru, na yi shiru don an ce kada a taɓa. Da ma na yi gardama."

"Gurbi ɗaya ne, Kawu. Dole ɗaya ya tafi."

"Dole ɗaya ya tafi, amma da an ji muryarsa tukuna. Ya iya kokawa, ya san sunan kowane kamu. Ni na sani, su ba su sani ba."

Ya zauna a kan buhu ya fara latsa wayar da yatsa ɗaya, yana nisanta ta da ido. Ya ce akwai wani Habu da suka yi aiki tare, yanzu yana riƙe da wasanni a wani gidan rediyo, kuma kokawar kaka ta kusa. Ya sami lambar, ya kara a kunne, ya yi min alama da hannu in ci gaba da karya.